Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

Khalti Mabruka ta buɗe baki za ta kurma ihun ɓarawo, ihun ya ƙi fita. Dole ta ɗauki murfin tukunya da ludayi ta fito ƙofar gidan baƙinta tana bugawa har maƙwabta suka taru. Su ma babu mai muryar tambayarta abin da ya faru.

A safiyar nan rabin mutanen Tabarka, garinmu na bakin teku, da raɗa suke magana, kuma ƙungiyar Murjan ce ta jawo. Murjan irin makaɗan rok ɗin nan ne da ba su san gajeriyar waƙa ba. Su fara waƙa ɗaya, ka ɗora shayi, ka sha, ka wanke kofi, ba su kai tsakiya ba. Kiɗan ya bi nan ya bi can a kan bugu bakwai, wanda in baƙo ya ce zai tafa sai ya ji kunya. Mu kuwa da shi aka yaye mu. Jiya a dandalin bikin kiɗa na bazara suna tsaka da waƙa injin wuta ya mutu. Jita ta yi shiru, ogan, wato piyanon lantarki, ya yi shiru, aka bar ganga ita kaɗai. Sai jama'a suka ɗauki kiɗan da baki, kowane sashe har da na ogan, suna tafi, ba su sauke ba sai da aka tada injin. Daɗin abin ba ya faɗuwa, amma maƙogwaro ya biya.

Sufeta Wasila ta iso da gyale naɗe a wuya. Ita ma jiya ba aiki ya kai ta dandalin ba.

“Me aka ɗauka?” ta tambaya da ɗan abin da ya rage mata na murya.

Si Shadli, jagoran Murjan, yana zaune a kan matakala, dattijo mai furfura har kafaɗa, hannunsa na hagu cikin aljihu.

“Tagwaye,” ya ce.

Babu ɗan garin nan da bai san Tagwaye ba, jita mai wuya biyu, ɗaya na jita ɗaya na ud, wato garayar Larabawa. Yayan Si Shadli ne ya sassaƙa ta da hannunsa, shi da ke ƙera jiragen masunta. Tun da teku ta tafi da shi ba a sake jin ta a fili ba. Si Shadli ya rantse a bainar jama'a cewa ba zai kaɗa ta ba sai ranar da zai ajiye kiɗa, a Tabarka, da waƙar nan tasu “Jirgin da Bai Dawo Ba”. Ranar kuwa yau ce, da faɗuwar rana.

“In ba a same ta ba fa, Si Shadli?”

“To babu sallama, ’yata. Ban iya karya rantsuwa ba.”

Wasila ta hau ɗakin sama inda makaɗan suka ajiye kaya. Ba a ɓalle ƙofa ba. Ga sabuwar jita mai tsada jingine da bango, ga kwamfutar mai ogan, ga jakar Si Shadli da dinarorinsa a ciki. Ta durƙusa a bakin ƙofa. Akwai yashin teku da sawun takalmi a kan dakali, amma kafet fes, ko ƙwaya ɗaya babu.

“Khalti, kin share ɗakin nan yau?”

“Da wane ƙarfin, ’yar nan? Ni da na kwana ina guɗa.”

“Ina kike ajiye makulli in kin fita?”

“Ƙarƙashin tukunyar furen yasmin, inda uwata take ajiyewa. Duk wanda ya taɓa kawo mini baƙo ya sani.”

“Bayan kun dawo fa?”

“Na sa sakata, na shimfiɗa a gindin matakala. Ko mage ba ta wuce ni.”

Ke nan lokacin wasan aka shiga, sa'ad da gidan ba kowa. Wasila ta kira Si Shadli ta ce ya duba da kyau, ban da Tagwaye da akwatinta me ya ɓace. Ya zagaya da ido, ya tsaya a kan taga.

“’Yar jakar shinkafa. Nakan sa ta cikin akwatin don ta tsotse laimar teku, in ba haka ba katakon ya lanƙwashe. Jiya na fito da ita na shanya a nan.”

“Wa ya san amfaninta?”

“’Yan ƙungiya. Sai wanda ya haddace tsofaffin hirarrakina na rediyo, in akwai mai wannan haukan.”

“Kada ka faɗa wa kowa zancen shinkafar nan,” ta ce.

Ta sauko tana juya abin a ranta. Ɓarawo ya bar kuɗi, ya cire takalmi kafin ya taka ɗaki, ya kuma tuna da shinkafa. Wannan ba yunwa ta kawo shi ba.

Ta fara da Dursaf mai ganga, don kowa ya ji irin faɗan da ta yi da aka ce za a watse. Ta same ta a tsakar gida, hannuwa biyu cikin kwanon ruwan sanyi.

“An ce ba kya son a rufe Murjan.”

“An faɗa miki gaskiya. Sai me?”

“Ina kike lokacin wasan?”

Dursaf ta ɗago tafukanta, duk sun yi bororo.

“Haba Sufeta, ke da na hango kina tsalle kamar ’yar makaranta? Wa kike zaton ya riƙe muku bugun da wuta ta ɗauke, aljani?”

“Kina iya aiko wani.”

“Ina iyawa. Amma ni ce nake ɗaure masa takalmi kafin mu hau dandali. Na san abin da ke cikin aljihun nan nasa. Faɗana da ƙaddara nake yi, ba da shi ba.”

Wasila ta fita.

Na biyu shi ne Si Lutfi, dillalin tsofaffin kayan kiɗa daga Tunis, wanda ya shekara yana bin Si Shadli da tayi. Yana zaune a gidan kofi na bakin tashar jirage, da farar kwat, ya tasa shayi da zuma a gaba. Da ta tambaye shi inda yake jiya, sai ya yi mata nuni da hannu wai ta matso.

“Ni ciniki ya kawo ni,” ya raɗa. “Kiɗan nan nasu hayaniya ce kawai.”

“To me ya sami muryarka?”

“Sanyin teku.”

Mai gidan kofin, wanda ke goge tebur a gefe, ya tuntsire da wata dariya marar sauti.

“Sanyin teku! Lalla Sufeta, a kafaɗata ya yi kuka. Shi ya yi mana sashen ogan, ya ɗaga kai sama kamar ladani.”

Si Lutfi ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

“Ko da na sace ta, wa zan sayar wa?” ya ce. “Daga nan har Marseille babu wanda bai san fuskarta ba.”

Wasila ta cire shi daga lissafi, ta kuma ji ya ɗan shiga ranta. Rana ta take tsaka, ba ta da kowa a hannu, ga maƙogwaro kamar ta haɗiyi ƙaya. Ta nufi kantin magani na Munji.

Munji shi ne shugaban masoya Murjan na garin nan, shi ke kama wa ƙungiyar masauki duk shekara. Tare suka yi makaranta da Wasila, kuma shi ya fara ba ta kaset ɗinsu, ya zaunar da ita a kan katanga ya koya mata tafin bugu bakwai. Lasifika ake ce masa, don in yana layin gaba har masunta a cikin teku sun san Murjan na wasa.

Layi ya fito har titi, kowa na nuna wuyansa da yatsa. Daga can ciki wata murya tana tashi, garau kamar ƙararrawa.

“Na gaba! Alewar maƙogwaro ta ƙare, sai ruwan kurkura! Kai Si Hadi, ai kai tun bara ba ka da murya, ba Murjan ba ce!”

Wasila ta tsaya cak a bakin ƙofa. Sai ta tuna wani abu na jiya da ba ta ba shi muhimmanci ba. Da wuta ta ɗauke, layin gaba shiru ya yi. Wata siririyar muryar mace ce daga baya ta fara ɗauko waƙar. Ta ji ranta ya ɓaci ƙwarai, ta so a ce ba ta shigo ba.

Ta jira har kantin ya sarara.

“Wasila! Ke ma? Zauna in haɗa miki zuma da lemun tsami. Kin ga abin jiya kuwa? Wallahi tun da nake ban taɓa gani ba. Jama'a su zama ogan!”

“A ina ka tsaya?”

“Wace irin tambaya ce wannan? A gaba mana, wurina. Ni na ja su.”

Ta dubi hannunsa yana juya cokali. Tafinsa sumul. Nata kuwa ko alƙalami da ƙyar take riƙewa.

“Ka ji an sace Tagwaye.”

“Na ji. Abin baƙin ciki.”

“Ba satar ce ta fi damuna ba,” ta ce, tana kallon titi. “Jahilcin ɓarawon ne. Ka ga iskar yau, duk laima. Ya kai ta wani lungu ya jibge ba tare da abin tsotse danshi ba. Kafin la'asar wuyan ud ɗin ya lanƙwashe, aikin mamaci ya tashi a banza.”

“Ba abin da zai same ta,” Munji ya ce da sauri. “Ai da shinkafarta, har sabuwa aka...”

Cokalin ya tsaya. Suka dubi juna.

“Ban ce shinkafa ba, Munji.”

Ya zauna a kan kwalin magani.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun daga bakin ƙofa. Duk wanda ya je dandalin jiya ya bar muryarsa a can, har dillalin da ke cewa hayaniya ce. Kai kaɗai, Lasifika guda, ka wayi gari kana kiran layi. Labarin ka tsinta a bakin masu sayen magani. Ka san tukunyar yasmin, don kai ke kawo baƙin. Kuma ɓarawon da zai bar dinari ya cire takalmi, a garin nan mutum ɗaya na sani. Ina take?”

Tana ɗakin ajiyar magani, inda ya fi ko'ina bushewa, a kan shimfiɗaɗɗen bargo. Ya sa mata sabuwar shinkafa.

Shi ya ɗauko akwatin da kansa har gidan Khalti Mabruka, rungume a ƙirji. Ya ajiye a gaban Si Shadli, ya kasa ɗaga ido.

“Me ya sa, ɗana?”

“Ka rantse ba za ka tafi ba sai da ita. Na ce in ba ta nan, dole ka dawo baɗi. Da baɗin baɗi.”

“Ka bar wasanmu na jiya saboda wannan?”

“Shi ne na farko da na taɓa rasawa. Kuma wai shi ya fi duka.”

Si Shadli ya zaro hannun hagu daga aljihu ya miƙa a tsakaninsu. Yatsun suna rawa, ba su tsaya ba.

“Kai da ke jin saukar kowace tsirkiya, kada ka ce mini ba ka lura ba.”

“Na lura tun bara,” Munji ya ce. “Ka tsallake hawan kiɗa biyu a tsakiyar waƙa. Na ɗaga murya na rufe maka.”

“Na ji ka. Na gode. Amma baɗi ko kai ba za ka iya rufewa ba. Ka bar ni in sauka ina Shadli.”

Munji ya kifa kai a kan akwatin ya yi kuka kamar yaro. Wasila ta juya tana gyara gyale, don ita ma idonta ya kawo ruwa.

Si Shadli ya ce ba shi da ƙara. Khalti Mabruka ta ce ita tana da ita, an taɓa mata tukunyar yasmin, kuma ba za ta janye ba sai an wadata ta da alewar maƙogwaro har ƙarshen bazara.

“Ni ma ina da sharaɗi,” in ji Wasila, tana duban Munji. “Layin gaba, wurinka. Ka tsaya har ƙarshe, ka ji ta da kunnenka. In ka motsa, a ofis za ka kwana.”

Da rana ta sunkuya kan duwatsun bakin teku, Si Shadli ya fito da Tagwaye rataye a wuya, dandali ya yi tsit. Ya fara da wuyan ud, a hankali, kamar mai lallashin jariri, sannan Dursaf ta shigo da bugu bakwai, ƙasa ta ɗauka. A tsakiyar waƙar hannun ya ci amanarsa, hawan ya kuɓuce. Kafin kowa ya ankara wata murya ta tashi daga layin gaba ta cike gurbin, jama'a suka bi ta da ɗan abin da ya rage musu. Dattijon ya yi murmushi, ya kama kiɗan a gaba, ya kai shi har gida.

Washegari Wasila ta biya kantin magani. Munji na bayan kanta, idanu kumbure, tafuka naɗe da bandeji. Ta tambaye shi ko alewar ta iso. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, ko ƙiris bai fito ba.

“Yauwa,” ta raɗa. “Yanzu na yarda kana wurin.”