Kukar Da Aka Hana Barci

A wani zamani an yi wani manomi mai gaggawa. Yana da 'yar kuka a bayan gida, dashen marigayi mahaifinsa.

Da sanyi ya shigo, sai ganyenta ya zube.

Ya ce, "Inna, kukar Baba za ta mutu!"

Mahaifiyarsa ta ce, "Barci take yi, ɗan nan. Ƙyale ta."

Ina! Da safe ruwa, da yamma ruwa. Ya tona saiwa ya duba, ya rufe, ya ƙara ruwa.

Da bazara ta yi, kukokin gari suka yi toho. Tasa kuwa saiwar ta ruɓe.

"Inna, ban rage ta da komai ba!"

Tsohuwa ta ce, "Sai barci."