Masu Koke Daga Tsamiya Mai Lamba Bakwai

Ranar Laraba ce, bayan La'asar sakaliya, na ɗauki tef ɗin awona na nufi filin makaranta. Ba shan iska na fita ba. Na je ne in tabbatar da zargin da nake yi, cewa ɗan kwangila ya ci mita biyu daga faɗin filin ƙwallo.

Sunana Malam Abdulmumini. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi a firamaren garinmu, wanda ke tafiyar rabin awa daga Ɗambatta a kan babur. Ban taɓa rubuta abin da ban auna ba, kuma ba da furfurata zan fara ba. Don haka mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin koke, ba hira ba.

Bara waccan ne 'yan garinmu mazauna Kano suka haɗa hannu za su gyara filin makarantar. A daidaita wurin ƙwallo, a kafa turakun ƙarfe, a zuba kujerun siminti ta gabas don mutane su riƙa hutawa. Aka kafa kwamiti, aka ce ni ne sakatare. Aikin kuma aka ba Alhaji Basiru, wanda ni na koya masa jadawalin sau bakwai, kuma har yau ban tabbata ya zauna masa ba.

A kusurwar arewa maso gabas akwai wata tsohuwar tsamiya. Saboda ita layin filin ya karkace tun kafa makarantar. Yaran garin suna da wata ɗabi'a da na yi shekaru ina yaƙa. In ƙwallo ta shiga ƙarƙashin tsamiyar ba mai bin ta. Sai su tsaya a bakin inuwa su yi sallama, su jira. Jim kaɗan ƙwallon ta gangaro da kanta, su ce an gode. Ni kuwa ina ce musu gangaren ƙasa ne. Na zane yara da dama a kan wannan magana.

Kafin a fara aiki, malamin daji, wani matashi mai suna Hashimu, ya zo da farin fenti ya sa wa bishiyoyin filin lamba. Tsamiyar ta samu bakwai. Ya karanta mana ƙa'ida: ba a sare ɗanyar bishiya mai lamba. In ta bushe, sai an manna sanarwa ta kwana ashirin da ɗaya kafin a kayar da ita, a kuma dasa goma a madadinta.

Basiru ya saurara yana kaɗa makullin mota.

"Malam, fili mai kusurwa uku da rabi ai ba fili ba ne," in ji shi.

Na ce, "Ka ji dai abin da aka karanta. Ɗanya ba a taɓa ta."

"Ɗanya, ko? To, Allah Ya kai mu baɗi."

Kafin damina ta zagayo, tsamiyar da ta girmi kakana ta zubar da ganye. Na tona gindinta da sandata. A ƙarƙashin ƙasa an ɓare ɓawonta zobe guda, an zuba baƙin man mota, an mayar da turɓaya an tattake. Na kai wa Hashimu magana har gida.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni busasshiya na tarar. Busasshiya zan rubuta."

Tsofaffin gari suka same ni a ƙofar masallaci. Suka ce a da, in za a kayar da irin wannan bishiya, dattijo yakan je yamma uku a jere ya yi sallama, ya gaya wa mazauna cikinta su tashi, ya kuma ambata musu sunan wata bishiya a daji da za su koma. Na ce musu wannan ba ya cikin ƙa'idar kwamiti. Abin da ke ciki shi ne sanarwa, kuma ni ba na yin aiki rabi. Na buga takardar da ƙusa a jikin tsamiyar. Saboda waɗanda ba su iya karatu ba, na tsaya a gindinta da yamma na karanta da ƙarfi, yadda nake yi wa 'yan aji shida shifta. Har da layin ƙarshe: duk wanda wannan aiki ya shafa, ya kai kokensa ga sakatare, Malam Abdulmumini, gida na uku bayan masallaci.

Kwana ashirin da ɗaya ba wanda ya zo. Aka kawo injin yanka. Goman da za a dasa kuwa, ko rami ba a haƙa ba.

Wannan shi ne abin da ya gabaci Larabar.

An yi ruwa da rana. Hanyar da ta ratsa gonaki ta yi laushi, gero ya fi ni tsawo dama da hagu. Da na isa ba kowa a filin. An ja sababbin layuka da farar ƙasa, miƙaƙƙu, gwanin sha'awa. Kututturen tsamiyar yana nan daidai kusurwa, faɗinsa ya kai tabarma, da rami baƙi a tsakiyarsa. Na maƙala bakin tef a wata ƙusa da ke jikinsa, na soma ja da baya ina ƙirgawa.

Mita goma. Ashirin. Talatin.

Kwaɗin da ke kuka a kududdufin bayan aji suka yi shiru gaba ɗaya, kamar ajin da hedimasta ya shigo.

Arba'in. Hamsin.

Tef ɗina na mita hamsin ne. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Amma bai ƙare ba. Ya ci gaba da fita.

Na duba lamba. Sittin da huɗu.

Na ɗaga kai. Kututturen yana gabana, bai fi taku shida ba.

Sai ƙamshi ya zo. Tsamiya jiƙaƙƙiya, irin wadda ake tacewa don kunu. Da hayaƙin kara. Can ƙasa kuma, ƙarƙashin tafin ƙafata, ana daka. Dum. Dum. A hankali, dakan wanda ya gaji.

Aka ja tef ɗin sau biyu. Ja mai ladabi, kamar yaro ya taɓa maka riga.

"Malam sakatare."

Raɗa ce, amma a cikin kunnena ta sauka.

Wata tsohuwa na zaune a kan kututturen. Ƙarama ce, ba ta fi 'yar aji biyu ba. Zanenta launin ɓawon itace. Tana riƙe da bakin tef ɗina da yatsu biyu, kuma yatsun sun fi ƙima tsawo. Ban ga fuskarta da kyau ba. Duk inda na kalla, sai idona ya zame gefe.

A bayanta akwai layi.

Sun jeru a kan farar ƙasar, ɗaya bayan ɗaya, tun daga kusurwa har turakun gola. Wasu dogaye, wasu ba su kai gwiwata ba. Kowa da ƙunshi a ka. Turmi, tukunya, tabarma a naɗe. Ba mai motsi. Ba wanda ya taka wajen layin. A shekara talatin da biyar ban taɓa samun yara sun yi mini layi mai kyau haka ba.

"Mun kawo kokenmu," in ji ta.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa'adi ya wuce, Inna."

"Mun zo cikin wa'adi. Yamma ashirin da ɗaya muna sallama a ƙofarka. Ba ka amsa ba."

Na tuna. Matata Sa'adiyya ta sha cewa tana jin sallama gab da Magariba, in leƙa in ce mata iska ce.

"Ba ni na kashe ta ba," na ce. "Basiru ne. Ina da shaida."

"Ba mu san Basiru ba. Bai taɓa yi mana magana ba. Kai ka zo ka tsaya a ƙofarmu, ka faɗi sunanka, ka faɗi gidanka."

Dakan ya tsaya.

"Mun mayar wa yaranka ƙwallo," in ji ta. "Da su da ubanninsu. Ba mu taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ina ka tanadar mana?"

Na dubi tef ɗin da ke hannuna.

"To, auna mana," in ji ta.

Tef ɗin ya naɗe mini wuyan hannu. Sau ɗaya. Sau biyu. Sanyi gare shi kamar ƙarfen rijiya.

Ya fara ja.

Takalmina ya soma zamewa a laka. Taku biyar. Huɗu. Ramin kututturen ya buɗe ya yi faɗi, iska mai ɗumi tana fitowa daga ciki, da warin ɗakin da aka daɗe da rufewa. A ciki na hango tsakar gida. An share ta tas. Ba rufi, ba inuwa, rana ta ƙone komai.

Uku.

Na kama Ayatul Kursiyyu. Ni da na koyar da ita, sai ta tsaya mini a rabi. Na koma farko. Ta sake tsayawa.

Biyu.

Gwiwata ta bugi itace. Yatsun nan suka sauka a kafaɗata, marasa nauyi, kamar busasshen ganye.

"Duba da kyau, Malam. A nan za ka kwana, kai?"

Sai ladan ya ɗaga murya daga cikin gari.

Tef ɗin ya saki. Na faɗi da baya a cikin laka. Ban tsaya neman hula ba. Na ratsa geron mutane ina kakkarya shi, ina jin takun ƙafafu da yawa a bayana. Ba gudu suke ba. Tafiya kawai suke, irin ta masu ƙaura.

Na faɗa zaure na danna sakata. Sa'adiyya tana tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ba ni take kallo ba. Mangwaron da na dasa shekarar da muka yi aure take kallo.

Tef ɗina yana rataye a reshensa, an naɗe shi tsaf, an goge masa laka.

"Malam," ta ce a hankali, "baƙi ka gayyato mana?"

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Ba su taɓa cutar da kowa ba, wannan zan faɗa don adalci. Amma kullum in rana ta yi ja, ana daka a cikin mangwarona. Ruwan randa yakan wayi gari da tsami. In abu ya faɗi a tsakar gida, ko moɗa ko carbi, sai ya gangaro ya tsaya a ƙafar mai shi. Ranar da ludayi ya dawo wa Sa'adiyya har bakin murhu, ta ɗaure kayanta ta tafi Bagwai wurin 'yarmu.

"Shekara arba'in na haƙura da gyare-gyarenka," in ji ta a bakin ƙofa. "Amma zaman haya da waɗannan, a'a. Ranar da suka tashi ka aiko."

An yi karatu a gidan sau uku. Sukan yi shiru har a shafa fatiha, sannan dakan ya ci gaba. Na fita daji na zaɓi wata kuka, na dawo na ambata musu ita yamma uku, yadda tsofaffi suka ce. A yamma ta uku raɗar ta amsa daga cikin ganye.

"Da mutane a can. Tsamiya aka karɓe mana, a kusurwar nan. Ita za a mayar."

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma na rubuta wa kwamiti shi sau tara. A dasa tsamiya goman da ƙa'ida ta ce, a kewaye su da waya saboda awaki. A mayar da layin arewa maso gabas yadda yake, a karkace. Alhaji Basiru ya zo da ƙafarsa ya tsaya a gindin mangwarona ya faɗi sunansa da unguwar da yake a Kano, da ƙarfi, yadda na faɗi nawa. Da na gaya masa haka a waya, dariya ya yi.

"Malam, ai ku kuka koya mana cewa gangaren ƙasa ne."

Na kashe wayar. Faɗin filin ma, na koma da rana tsaka na auna da tef ɗin aro. Mita biyu da rabi ya ci.

Da na ga ba mai niyya, na samo dashe guda na kafa da hannuna kusa da kututturen. Kullum da safe nake kai masa ruwa a jarka. Ranar Juma'a nakan auna shi. Makon jiya ya kai kamu uku da yatsa biyu. Na tambayi Hashimu shekara nawa tsamiya take yi kafin ta yi inuwar da za a zauna. Ya ce talatin, in ta samu ruwa.

Shekarata sittin da tara.

Jiya da yamma na zauna a tsakar gida ni kaɗai, na gaya wa mangwaron wannan lissafi, don ban saba ɓoye sakamako ba. Dakan ya tsaya na ɗan lokaci.

"Ba komai, Malam," in ji raɗar. "Mu ba ma gaggawa."