Uwar da Aka Zana da Ƙaho

Ranar bakwai ga Rajab, a wata shekara can da, gari ya waye da yayyafi. Wani ƙaton kifi ya biyo jirgin masunta yana kuka. A taswirarsu an zana shi da ƙaho, don haka kowa ya ɗauki mashi.

"Dodo ne!" in ji matuƙi.

"Dodo ne!" in ji sauran.

Tsohuwar da ke gyara musu koma ta leƙa ruwa, ta ce, "Haba 'ya'yana, uwa ce. Ga ɗanta a komarmu."

Komar ɗaya ce tak, amma ta yanke ta. Uwa da ɗa suka tafi.

Da suka sauka, ta aika wa mai taswira wasiƙa: "Malam, don Allah ka goge ƙahon nan."