Dutsen Guga Mai Zakara

A Tudun Wadar Zariya akwai wata yarinya mai suna Rauda, 'yar aji huɗu a firamare. Rauda ba ta da mugunta ko kaɗan. Matsalarta ɗaya ce: hannunta ya fi bakinta sauri. Sai ta gama yin abu sannan ta tuna ba ta tambaya ba.

Wata Alhamis, malamarsu, Malama Edith, ta ce kowa ya zo da mazubi ranar Litinin, za su shuka tumatir. Tun a hanya Rauda take tunanin inda za ta samu mai kyau.

Ranar Asabar da hantsi tana shara, sai ta ji murya daga waje.

"A kawo gwangwan! Tsohon ƙarfe, a karɓi sabuwar roba!"

Ta leƙa. Nagoda ne mai sayen tsofaffin ƙarafa, yana tura kurarsa. A saman kurar ga wani ɗan bokiti ja, yana ta sheƙi. Kai, nan take ya shiga ranta!

Ta duba tsakar gida. Idonta ya faɗa kan wani tsohon dutsen guga na gawayi, wanda kakarta Inna take tokare ƙofar ɗakinta da shi. Duk ya yi tsatsa. Gindinsa ya tsage. A kan murfinsa akwai ɗan zakaran ƙarfe mai karyayyen baki.

"Ai wutar lantarki muke guga da ita yanzu," in ji Rauda a ranta. "Wannan tarkace ne."

Inna ta tafi barkar haihuwa maƙwabta. Mama tana kasuwa, Baba bai dawo ba. Rauda ta kinkimi dutsen da hannu biyu, ta miƙa wa Nagoda.

"An sani a gida?" ya tambaye ta.

"Ba mai amfani da shi," ta ce.

Ya ba ta bokitin, ya yi gaba.

Bayan azahar Inna ta dawo. Tana shiga ɗaki iska ta bugo ƙofar, garam! Tsohuwar ta tsaya cak. Idonta ba ya gani sosai, don haka ta sunkuya tana shafa ƙasa da hannu.

"Rauda! Ina dutsen Malam?"

Rauda ta matso kusa. "Wane Malam, Inna?"

"Kakanki mana, Malam Zulkiflu, Allah ya jiƙansa. Wa ya ɗauke min shi?"

A daidai lokacin Baba ya shigo da babur ɗinsa. Rauda ta so ta ce ba ta gani ba. Amma da ta ga Inna tana ta laluben ƙasa, sai ta kasa. Ta ɗauko bokitin, ta faɗi gaskiya tana kuka.

Inna ba ta yi faɗa ba. Zama kawai ta yi a bakin ƙofa.

"Shekara talatin kakanki yana wanki da guga a unguwar nan," ta ce a hankali. "Da dutsen nan ya ciyar da mu. Da shi ya sa babanki a makaranta. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Shi kaɗai ya rage min, kullum da safe sai na taɓa shi na yi masa addu'a."

Wallahi da duka aka yi wa Rauda, da ya fi mata sauƙi.

Baba ya dubi agogo. "Share hawayenki, ɗauko bokitin. Ranar Asabar babbar mota take kwashe ƙarafan bayan la'asar, a kai inda ake narkarwa. In ta tashi, shi ke nan."

Rauda ta hau bayan babur, ta rungume bokitin. Yanzu ko kallonsa ba ta son yi. Suka tambayi mai shayin bakin titi, ya ce Nagoda can wajen Kwangila yake kai kayansa. Duk hanya addu'a ɗaya take yi: Allah ya sa motar ba ta tashi ba.

Da suka isa, ga motar nan tsaye, an cika ta fiye da rabi. Nagoda yana gefe yana shan ruwa. Baba ya yi masa sallama, ya gaya masa abin da ya kawo su.

"Subhanallahi!" in ji Nagoda. "Malam, sai da na tambaye ta fa."

"Ka tambaye ni," in ji Rauda, kanta a ƙasa. "Ni ce ban tambayi kowa ba. Ka yi haƙuri, ga bokitinka."

Nagoda ya sosa ƙeya. "Duwatsun guga sun kai goma yau. Wasu suna cikin buhu, wasu sun riga sun hau mota. Yaya naku yake?"

"Mai zakara ne, bakin zakaran a karye!"

Aka zazzage buhu na farko. Babu. Aka zazzage na biyu, sai tsofaffin tukwane da kacar keke. Direba ya tayar da mota, ya danna hon.

"Don Allah ɗan dakata, direba!" in ji Baba.

Nagoda ya haye motar yana ɗaga ƙarafa. Rauda ta ɗage a kan yatsun ƙafarta, ta leƙa ta tsakanin katakon jikin motar. Can ƙarƙashin wani tsohon gadon ƙarfe ta hango ɗan kai ya leƙo.

"Ga shi can! Ga zakaran Inna!"

Nagoda ya zaro shi da ƙyar, ya miƙo. Baba ya karɓa, ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. Ya kama hannun Rauda ya ɗora a kan mariƙin katakon. Akwai wani ɗan lotsawa a gefe, sumul.

"Nan babban yatsan kakanki yake zama," ya ce. "Aiki ne ya cinye wurin."

Rauda ta sa nata yatsan a ciki. Wurin ya yi mata girma.

Da suka koma gida, Inna tana nan inda suka bar ta. Ta shafa murfin, ta shafa bakin zakaran, ta shafa mariƙin.

"Alhamdu lillahi, shi ne," ta ce. Sai ta ja kunnen Rauda kaɗan. "Ja'ira! Saura ni ki bayar a ba ki roba."

Kowa ya yi dariya, har da Mama da ta dawo ta tarar da labari.

"Mu ma da laifinmu," in ji Baba. "Mun bar shi a ƙasa yana tsatsa, kuma ba mu taɓa ba yarinyar nan labarinsa ba."

Washegari Rauda ta zauna da toka da lemon tsami, ta yi ta dirzar dutsen har hannunta ya gaji. Ta shafe shi da man gyaɗa. Guga dai ba zai ƙara yi ba, tunda gindin ya tsage. Amma da ta ga ƙananan ramukan da ke gefensa, sai dabara ta zo mata. Wannan karon ba ta yi gaggawa ba.

"Inna, in tambaye ki? Kaskon turarenki ya fashe. Ko mu gwada wannan?"

Inna ta yi murmushi. "Gwada mu gani."

Mama ta zuba garwashi a ciki, Rauda ta barbaɗa turaren wuta, aka rufe murfin. Hayaƙi mai ƙamshi ya riƙa fitowa ta ramukan, ya cika ɗakin. Ƙofar kuwa aka samo mata bulo.

Ranar Litinin Rauda ta tafi makaranta da tsohon gwangwanin madara, wanda ta roƙa wajen Mama. Malama Edith ta tambaye ta ko a bola ta tsinto.

"A'a, Malama, tambaya na yi aka ba ni," in ji Rauda. "Na koyi cewa ba kowane tsohon abu ne tarkace ba. Kuma abin da ba nawa ba, sai na tambaya kafin na taɓa."

Yanzu kowace safiya hannu biyu ne suke taɓa mariƙin nan, na Inna da na Rauda, suna yi wa Malam Zulkiflu addu'a.