Gefen Ulaju a Bango

A zauren taron Inukjuak, wani gari can arewacin duniya inda teku ke daskarewa, Tamusi ya fara ganin Siasi. Tana tsaye da yayarta Ulaju, goshi dab da goshi, kowacce riƙe da damtsen 'yar'uwarta, suna katajjak, waƙar maƙogwaro. Mata biyu ke yin ta, wannan ta jefa, waccan ta amsa, wadda ta fara dariya ta faɗi. Ulaju kuwa kullum ita ce faɗaɗɗiya.

Shi da na'ura yake aiki: murya ta shiga, haske ya fito a bango yana rawa. Ya raba musu bangon biyu, shuɗi na Siasi, kore na Ulaju.

"Mai fitila, nawa ya fi kyau ko?" in ji Siasi.

Ya ɗaga gira, wato e irin tamu ta mutanen Inukjuak. Shi ke nan fa, zuciya ta tafi.

Da maganar aure ta taso, Anana, mahaifiyarsu, ta yatsine hanci. "Wanda ya mayar da waƙar kakanninmu silima? Ba zan ba shi 'ya ba." Ita da tun tana yarinya aka ce musu waƙar zunubi ce, shekara arba'in ba ta yi ba.

Da bazara, lokacin narkewar ƙanƙara, Ulaju na tafe a kan daskararren teku, ƙanƙarar ta burma da ita da babur ɗinta. Wayyo Allah, ko gawa ba a samu ba.

Siasi ta daina waƙa, ta daina fita. Tamusi ya tura mata saƙo:

"Shuɗiyata, ina da muryar Ulaju a ajiye. Ranar tunawa da ita zan kunna miki, ki amsa mata."

Kwana uku sannan ta mayar: "Faifai ba ya riƙe damtse, ba ya dariya. Ka bar gefenta a duhu."

Ya ji kunyar kansa ƙwarai, ya yi yadda ta ce.

Ranar, Siasi ta tsaya ita kaɗai, ta miƙa hannuwa ba mai riƙewa. Ta jefa murya, shuɗi ya tashi. Ta jira. Shiru, rabin bango baƙi ƙirin. Ta sake jefawa.

Sai ga Anana ta miƙe, ta zo ta kama damtsen 'yarta. Maƙogwaron ya yi tsatsa, amma ya amsa, koren nan ya mamaye bango. Babu wadda ta yi dariya, kuka ne ya tsayar da su.

Tamusi ya kai hannu zai kashe na'urar.

"Kai yaro, bar shi!" in ji Anana.

"Anana, Siasi fa? Za ki ba ni ita?" in ji Tamusi.

Ta daɗe tana kallon koren, sannan ta ɗaga gira.

Da kaka aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garin, aka ci naman barewa da ɗanyen kifi, tsofaffi suna ta sa albarka. Uwa da amarya suka sake kama damtse. Ba a je ko'ina ba Anana ta fashe da dariya.

Siasi ta rungume ta tana hawaye. Dariyar Ulaju ce sak.