Dangar Malam Muntaka

A zamanin Turawa, ranar da garken tsuntsayen jan-baki ya sauka a fadamar Wagini, ranar Asama'u ta fara ganin Armaya'u. Ta kawo wa mahaifinta fura ta tarar ba ya nan, ga tsuntsaye sun rufe alkamarsa. Sai saurayin gonar maƙwabta ya tsallako da majajjawa, yana jifa yana jan igiyar gwangwanaye har suka watse.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce, kanta a ƙasa.

"Ai an biya ni, tunda na gan ki," ya ce. Tun daga ranar yake ce mata Zinariya.

Mahaifinta Malam Muntaka kuwa mutum ne da ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Da ya ga sawun baƙo a gonarsa, sai ya kafa danga ta kara mai kauri a tsakaninsu, ya jibge ciyawa a gindinta.

Ba a yi sati biyu ba alkama ta fara ɓacewa. Kullum da safe sai a tarar an datse kara a karkace kamar yankan wuƙa, zangarniya babu, kuma duk ta gefen Armaya'u. Tsuntsaye ma suka samu wurin zama a kan dangar.

"Ɓarawo ne," in ji Malam Muntaka. "Yaron da ya zo daga Runka, wa ya san asalinshi? Ba ni ba shi ɗiyata."

Abin ya tsaya wa Asama'u a rai, don ita ma ta ga yankan da idonta. Tana sonsa, tana kuma zarginsa, har ta daina amsa gaisuwarsa. Rana ta uku ta tarar da 'yar takarda da ajami ɗaure a igiyar gwangwanaye:

"Zinariya, zargin Baba zan iya ɗauka, naki ne ya hana ni cin abinci. Ki duba gindin danga, ki gaya mini sawun wa kika gani."

Ta durƙusa ta yaye ciyawa. Ga rami, ga sabuwar ƙasa, ga ƙaiƙayi a bakinsa. Kunya ta kama ta har hawaye. Ta je ta kira mahaifinta wurin.

"Baba, ka yi haƙuri, ka bari a tona nan," ta ce.

"Ke ma ya saye ki?"

"In ba a ga kome ba, na bar shi har abada."

Aka kira Armaya'u da fartanya. Yana tonawa gafiya ta fito a guje, wata na bin ta. Can ciki kuwa ga zangarniyar alkama jibge, ta cika kwando biyu.

"Baba, gafiya ba ta son fili," in ji Armaya'u a ladabce. "A share gefen gona tas, a toshe ramuka, a sa tarko. Tsuntsu kuma kada a ba shi abin sauka."

Malam Muntaka ya daɗe yana kallon ramin. Shi ya yi wa ɓarayinsa ɗaki da hannunsa, ya kuma ɓata sunan ɗan mutane.

"Cire dangar nan," ya ce wa Armaya'u. "Ka turo magabatanka ranar Juma'a. Kuma ka yafe mini."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, tsohon ya riƙe hannunta.

"Allah ya yi muku albarka. Ki riƙe shi da yarda, Asama'u. Kada ki gado ni."