Ƙarar Babur a Bayan Darni

Wayyo Allah! Samiratu na tsaye bakin turmi tana surfen gero, sai ƙarar babur ta tashi a bayan darninta. Taɓarya ta suɓuce mata, ta kife cikin ƙasa ta toshe kunnuwa tana ihu, "Mansur, kwanta! Sun zo!" Mansur mijinta ne, kuma tun damina yake kwance a kabari. 'Yan bindiga a kan babura suka tare su suna dawowa daga kasuwar Sanam, ita ta faɗa cikin gero da goyonta ta danne bakin yaron, tana ji da kunnenta suka harbe shi... Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata, kuma duk babur ɗin da ya yi kuka sai hanyar nan ta dawo mata sabuwa fil, har warin albarushi take ji.

Mai babur ɗin kuwa ba baƙo ba ne, Tahiru ne, wan marigayin. Gidansa na can gabas da masallaci, amma kullum da safe sai ya turo babur har bayan darninta, wai zai ɗumama inji. Mutanen ƙauyen, wanda ke kusa da Tabla, ba su lura da wannan ba, faɗuwarta kawai suke gani. Aka ce iska ce ta shige ta. Aka yi mata hayaƙi har idanunta suka kumbura, aka ɗaure ta da igiyar akuya, yara suka koma gudunta a rijiya.

Da lokacin yaye ya yi, aka kai ɗanta Albarka gidan Tahiru, kamar yadda aka saba a kai yaro wurin dangin uba ya manta nono, sannan a maido shi. Kwanaki suka zama watanni. Ta je ta durƙusa a ƙofar gidansa, hawaye na zuba. "Yaya, mi niy yi maka? Ka ba ni ɗana, shi kaɗai ya rage mini!" Ya dube ta sheƙeƙe ya ce, "Ba ni ba wa mahaukaciya ɗan ƙanena." Gonar Mansur, wadda gadon yaron ce, tuni ya sa mata garma. Daga cikin gida Albarka na ƙwalla kiran "Inna! Inna!" ita kuma ba ta da ikon ƙetara ƙofa. Kaico, wannan zalunci da yawa yake!

Gwaggonta Haske ce ta ɗora ta kan amalanken jaki zuwa asibitin Filinge, don ko kusa da babur ba ta iya zuwa. Wata likita ta zaunar da ita, ta saurare ta har ta gama kuka, sannan ta ce, "Ɗiyata, ba hauka ba ne, ba iska ba ce. Firgicin da kika gani ne ya zauna miki a jiki, shi ya sa ƙarar babur ke maida ki ranar nan. Kuma yana da magani." Duk ranar kasuwa Samiratu na komawa, tana ba da labarin kaɗan-kaɗan. Likita ta koya mata, in abin ya taso, ta danna tafin ƙafa a ƙasa, ta ja numfashi a hankali, ta faɗa wa kanta inda take.

Bayan girbi Gwaggo Haske ta kai ƙara gaban mai gari, ta faɗa masa har da zancen babur ɗin da ake tadawa kullum a bayan darni. Tahiru ya miƙe cikin taro yana murmushi. "Ranka ya daɗe, ba sai an ja magana ba. Bari in taka babur ɗina ku ga abin da kan faru, ni na san ta." Ya taka, ƙara ta cika fili. Gumi ya keto wa Samiratu, ta ga gero, ta ga ƙura... Ta danna ƙafafunta a ƙasa, murya na karkarwa ta ce, "Nan ƙofar mai gari ce. Ga Gwaggo. Ga ɗana can. Ya Allah, ka riƙe ni!" Ba ta faɗi ba.

Mai gari ya ɗaga hannu aka kashe babur. Ya juya ga Tahiru ya ce, "Ashe ka san ƙarar babur ce ke kada ta? To mi ka kai ka bayan darninta kullum da safe, alhali gidanka na gabas?" Sai a lokacin jama'a suka gane da gangan Tahiru ke kada ta don ya riƙe yaro da gona. Mata suka ɗauki salati. Nan take aka karɓe gonar daga hannunsa, aka sa ya maido damman geron da ya girbe, kuma har yau ba mai amsa sallamarsa da sakin fuska.

Aka miƙo mata Albarka. Yaron ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa, sannan ya cusa fuska a wuyanta. Can kan hanya wani babur ya wuce, ta ji ƙarar, amma ta ƙara rungume ɗanta tana kuka. "Babur ne kawai, Albarka," ta ce. "Mu tai gida."